Ilish a Gidan Masu Kore

"...lafiya lau na kwana, tunda ba kai na gani a mafarki ba. Sakar min ƙafa haka nan, kada ka shafa min wannan koren naka."

Tuhin ya miƙe daga sunkuyon da ya yi, ya kai hannun da ya taɓa ƙafar kakarsa zuwa goshi. Rigar ƙwallo ce a jikinsa, rabi kore rabi ja mai duhu, ta sha guga kamar mai zuwa neman aure.

"Thamma kakata, gaisuwa na kawo, ba baƙar magana na zo saye ba. Dubi yadda na fito. Faɗi gaskiya, duk unguwar Bagbazar akwai kamata?"

"Akwai. Akwai wani akun da ake sayarwa a kasuwar tsuntsaye, launinku ɗaya. Sai dai shi yana yin shiru in an rufa masa zane."

Kakar tasa, Kanaklata, tana zaune a bakin gadonta na katako, kwalaye ɗaure da igiya sun kewaye ta. An sayar da gidan nan nasu na dangin Mitra ga wani mai gine-gine, kafin damina ta ɗauke za a rushe shi. Ɗanta da matarsa da Tuhin za su koma wani dogon bene a Rajarhat, inda aka ce ɗakunan ba su da yawa. Ita kuwa 'yarta ce za ta zo ta tafi da ita Pune, garin da ta ji an ce kifinsa sai a cikin ƙanƙara, kuma ba wanda zai san wace rana ce yau.

Yau kuwa ranar ce. Da la'asar masu kore da masu ja-da-rawaya za su kara a babban filin Salt Lake, kuma tun da sassafe Kolkata ta rabu gida biyu yadda ta saba. Kore na Goti ne, 'yan asalin gari. Ja-da-rawaya na Bangal ne, waɗanda suka tsallako daga gabas da ƙunshi a ka lokacin da aka raba ƙasa. In kore ya ci, lungunan arewa su cika da ƙamshin jatan-lande. In ja ya ci, kifin ilish ne zai hau wuta a unguwannin kudu, tun daga Jadavpur har Garia. Gidan Mitra gidan kore ne tun kafin a ja masa wutar lantarki. Kanaklata kuwa a Barishal aka haife ta, can gabas, kuma ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana ɓare jatan-lande a wannan gida duk ranar da aka doke mutanen ubanta. Wannan ne karo na ƙarshe da ranar za ta same ta a cikinsa.

Ta zaro jakar kasuwa daga ƙarƙashin matashi ta miƙa masa.

"Ungo. Wurin Nitai mai kifi. Ilish guda, mai ƙwai, wanda idonsa bai dushe ba."

Tuhin ya dubi jakar, ya dubi tsohuwar, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin kamar yanzu zai rufto.

"Me kika ce?"

"Ashe bayan muni har da kurumta."

"Ilish? Yau? A gidan nan? Thamma, kin sha maganinki kuwa?"

"Na sha. Likita ya ce in guji gishiri da jikoki."

"A cikin wannan rigar zan ratsa layi da ilish? Su Bombol 'yan layinmu suna can dakalin mai shayi tun safe, sun shafa fenti har cikin kunne. In suka gan ni, sai dai ki aika a kwaso ni a kwando."

"Wa zai kwaso ka? Ko hankaka sai ya yi shawara da matarsa."

"Ki bari gobe. Gobe in sayo miki biyu, in goyo su a baya."

"Gobe Litinin. Ilish ɗin Litinin ai kowa na ci. Kakanka ma yana ci har ya lashi gwiwar hannu. Na yau nake so."

Bai karɓi jakar ba. Ya zauna a kan wani kwali, sai ya tuna abin da kwalin yake nufi, ya tashi da sauri ya jingina da ƙofa. Kanaklata ta gani. Ta san tsoron su Bombol ba shi ne duka ba. Tun da aka fara ɗaure kaya yaron ya daina kallon kwalayen, yana zagaye su kamar kududdufin ruwan sama. Yana goge rigarsa, yana zuwa gaisuwa, yana yin komai daidai yadda aka saba, kamar in bai canza ko abu ɗaya ba gidan ba zai faɗi ba. In ya sayo kifin nan, ya amsa da hannunsa cewa wannan ce ta ƙarshe.

Ruwa yana sauka siriri a waje, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya manta da shi.

Ta ce, "Ka tambaye ni wa na gani a mafarkin mana."

"Na sani. Wani tsohon ɗan fim mai gashin baki."

"Tsohon filin wasa na Maidan na gani. Ruwa ya cika shi fal, tun daga tantunan ƙungiyoyi har bakin ganuwar barikin soja. Ciyawa tana rawa a ƙarƙashi. Babana yana tuƙa kwale-kwale a tsakiyar fili, ni ina gaba. 'Yan wasanmu duk sun zama kifaye, ja da rawaya, suna wucewa ta cikin raga kamar ba raga."

"Namu fa?"

"Naku suna ƙasa cikin taɓo, suna tafiya da baya."

"Tabɗi! Wannan ba mafarki ba ne, tuwon dare ne ya zauna miki. Ke da ko ƙofar filin wasa ba ki sani ba. In na kai ki Salt Lake yanzu, sai ki tambayi ɗan sanda ina ake cire takalmi."

"Salt Lake! Wai wurin da kake ta ɗoki, ka san mene ne a da? Fadama ce, gurbin kifi. Babana ya sha zuwa can da fatsa. Daidai inda mai tsaron gidanku yake tsayawa yana hamma, nan ya taɓa kama wani kifi, sai da mutum huɗu suka ɗauke shi."

"Bara mutum biyu kika ce."

"Kifin yana girma."

"Kafin ki kai Pune zai haɗiye jirgin ƙasa."

"Shi ya sa har yau in an buga muku ƙwallo a can sai ku yi ta zamewa. Ƙasar ta san ba naku ba ce. Filin kurket na Eden ma da kuke taƙama da shi, na masu farin wando ne, su yini biyar a rana suna shan shayi, a tashi ba a san wanda ya ci ba. Ƙwallon gaske, Dadubhai jikana, a Maidan aka yi shi, aka gama, aka naɗe tabarma tun ubanka bai san hanyar makaranta ba."

"Kuma kina nan."

"Ina nan mana."

Ba ta yi niyyar ba shi wannan labarin ba, ta fi so ta ci shi da baki kawai. Amma ruwan nan da ke sauka ya yi kama da na ranar.

"Ina 'yar shekara goma ko kusa. Muna zaune a Bijoygarh, unguwar 'yan gudun hijira, bukkar kara da kwano, in an yi ruwa mu ɗaga tabarma mu tsaya. Babana ya ce in sa rigata mai kyau. Muka taka har Tollygunge, muka hau taragon titi, na maƙale a taga ina kallon gari yana sauya fuska, bukkoki su zama benaye, benaye su buɗe sai ga kore ba iyaka. Ba mu da tikiti. Muka hau tudun ganuwa tare da dubban irinmu. Ya saya min wani bututun kwali mai madubi biyu, ka ɗaga shi sama da kawunan mutane ka leƙa ta ƙasa. A cikin madubin nan duk filin bai fi hankici ba. Kore shar, jiƙe, mutane ƙanana suna gudu a kai ba ƙara, kamar abin da ake gani a ƙasan rijiya."

"Aka ci ku nawa?"

"Rufe min baki. Muka ci. Ni ban ma ga ƙwallon ba, hannuna ya karkace, sai sama na gani da wata shirwa. Amma na ji babana. Mutumin da ya bar gona da kwale-kwale da bishiyoyin kwakwa a Barishal, ya zo nan yana sunkuyar da murya a gaban kowane akawu don kada a yi dariyar maganarsa. Ranar ya buɗe maƙogwaro ya yi ihu da harshenmu, irin ihun da ake kiran mai fito daga wancan ƙetaren kogi. Ban san yana da sauran wannan muryar ba."

Tuhin ya sosa ƙeya. Irin wannan maganar ba ta da wurin kamawa, don haka ya nemi inda zai cusa tsokana.

"To yaya aka yi 'yar mai ihu ta ƙare a hannun mai kore?"

"Kakanka ne ya faɗo daga bishiya."

"Ke dai!"

"A Maidan ɗin nan, bayan na zama budurwa. Ya hau reshe yana kallon wasa kyauta, ɗan masu gida guda, don rowa. Reshe ya karye ya faɗo a kan yayana. Washegari sai ga shi a Bijoygarh da tukunyar kayan zaƙi, wai ya zo ba da haƙuri. Shekara guda yana zuwa ba da haƙuri. Yayana ya warke, ya yi aure, ya haihu, shi bai gama ba da haƙuri ba."

"Shi kuwa ya ce min ke kika girgiza bishiyar."

"Da na san abin da zai faɗo, da na zaɓi wata."

Suka yi dariya tare, har sai da ta dafe ƙirji. Sannan ta ce, muryarta ta ɗan sauka, "Ranar da aka kawo ni, uwarsa ta tsaya a wancan zauren ta ce amarya ta shigo, amma maganar gabas ta tsaya a waje tare da takalmi. Na bar ta a wajen. Na koyi taku, mai santsi kamar an shafa mata man shanu."

"Kaka ya san kina son masu ja?"

"Ya sani mana. Ranar da muka ci su sai ya dawo ya kwanta, wai cikinsa ke ciwo. Ni kuma in shige kicin in yi ta wanke tukunyar da na riga na wanke, ina yi mata murmushi."

"Muka? Mu wa? Thamma! Ashe shekara da shekaru maciji muke kwana da shi a ɗakin sama!"

"Macijin da ya yi maka wanka, ya share maka hanci. Karɓi jaka."

Ya miƙa hannu, sai ya janye. Fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya tsinci hujja a ƙasa.

"Tsaya tukuna. Na kama ki. Ke da ba kya cin kifi?"

Gaskiya ne. Tun ranar da mijinta ya mutu ta sa farin sari, zanen takaba, ta bar kifi da nama yadda matan zamaninta suke yi. 'Yarta ta yi faɗa, ɗanta ya yi lallashi, ta ce a ƙyale ta. Ita kanta ba ta tabbata ko don mamacin ta yi ba, ko don ta huta da jatan-lande.

Ta ce, "Wa ya ce ni zan ci?"

"To wa?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai taya akuya.

"A'a," in ji Tuhin. "A'a, a'a. Allahiya Kali ta tsare. Ni? Kafin wasa?"

"Da shinkafa mai zafi."

"In shiga fili da ilish a cikina? Ai ko tsallen murna na yi, shi zai yi tsallen, ba ni ba! Mutum dubu sittin za su ji ƙarninsa a numfashina."

"Za su ce yau dai yaron nan ya yi ƙamshi."

"Ki ba Baba."

"Ubanka yana cin ilish kamar mai kwance bam. Ya sa tabarau, ya jawo fitila, ya yi ta tsintar ƙaya da yatsa har abinci ya huce. Mu a gidanmu loma ake sawa a baki, harshe ya yi aikinsa, nama ya wuce, ƙaya ta fito ta gefe a jere. Na duba ubanka, ban ga kowa nawa ba. Goggonka ma haka. Kai ne ban gwada ba."

"Ni Mitra ne gaba da baya."

"Hancin dai nasu ne, ba mai ƙwace maka. Bakin nan kuwa da ba ya rufuwa, ina zarginsa."

Ya shiga zagaye ɗakin, yana kauce wa kwalaye.

"To mu yi sulhu. In sa rigar ruwa in rufe wannan, in hau bas in tafi kasuwar Maniktala inda ba a san ni ba. A naɗe shi a jarida, a sa a leda, a sa ledar a wata leda. In shigo ta ƙofar baya."

"Kifi na aike ka, ba sata ba."

"Kasuwar Gariahat fa? Can kudu, cikin 'yan uwanki. Har rangwame za su yi min don tausayi."

"Wurin Nitai. Bakin layin nan. Wutsiya a waje."

"Wutsiya a waje!"

"Tana lilo."

"Thamma, me na yi miki? Ni ne fa mai siyo miki maganin ƙafa. Ni ne mai gyara miki rediyo. In kika kashe ni wa zai aure ki?"

"Masu layi suna da yawa. Akun nan ma ya aiko."

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tsaya a gabanta, hannu a aljihu, ya tambaya da muryar da ba ta wasa ba. "Me ya sa sai yau? Me ya sa sai an gani?"

Ta juya ga taga. Daga nan ana hango rufin gidaje baƙi-baƙi da gansakuka, da wayoyin lantarki, da can nesa farin hazo inda kogi yake. Ta ji kunyar abin da za ta faɗa, don ƙarami ne, kuma ta ɗauke shi tsawon rai kamar babba.

"In aka rushe gidan nan, Dadubhai, masu wucewa za su ce, a nan tsohuwar gidan Mitra ta zauna, mai iya miyar jatan-lande. Shi ke nan labarina. Duk layin nan ba mai cewa 'yar Jogen Guha ce ta Barishal. Ba su ma san an yi shi ba."

Ruwa ya ci gaba da sauka. Wani a ƙasa ya busa ƙahon roba, yara suka amsa da waƙar masu kore. Tuhin ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Can sai ya ɗago, ido ya buɗe.

"Af! Tsaya! Ai ba a sayen kifin nasara sai alƙali ya hura usur na ƙarshe. Kowa ya san wannan. Duk wanda ya riga ya saya, nasa ya jawo wa faɗuwa. Thamma, ai ku za ki karya! In na sayo ilish yanzu, na gama da masu ja tun ba su ɗaura takalmi ba!"

"Kai, haba?"

"Na rantse! Ai aikin ƙungiya zan yi. Su Bombol ma sai sun ɗaga ni sama. Kawo jakar, kawo, kafin ki farga."

"Wayyo ni, na cuci mutanena," in ji Kanaklata, tana gyara bakin sarinta don ya rufe mata baki. Tun jiya ta ajiye masa wannan ƙofar, tana jira ya gano ta da kansa. Namiji ɗan gidan Mitra ba ya yin abin da aka roƙe shi sai ya ɗauka shi ya yi wayo. Ta ce, "Faɗa musu duk abin da ka ga dama. Wutsiya dai a waje."

Ya fice yana tsallake matakala bibbiyu.

Ta ja ƙafa zuwa baranda ta dafa ƙarfen da ya yi sanyi. Layin yana ƙasa, siriri, jiƙe, an ratsa shi da tutoci kore daga taga zuwa taga. A dakalin mai shayi samari da tsofaffi sun cunkushe ƙarƙashin rumfa da kofunan ƙasa a hannu. Ta ga koren rigarsa ya ɓace a kwana. Ta tsaya. Ta san abin da zai faɗa musu, ta kuma gaya wa ranta ya isa. Za a yi dariya, za a ce Tuhin ɗan duniya ne, kifin dai zai shigo ta ƙofar gaba da rana tsaka. Mutum ba ya samun duka.

Hazon kogi ya matso, rufin gidaje suka yi kamar suna iyo. Na ɗan lokaci layin ya zama mata rafi, rumfar mai shayi ta zama kwale-kwale a ɗaure.

Sai ga shi ya ɓullo. Jakar tana hannunsa na dama, wutsiya a waje, fara ƙal kamar azurfa, tana lilo. Bai yi sauri ba. Hirar dakali ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Bombol, ƙaton da ya shafe fuska rabi kore rabi ja, ya miƙe ya tare hanya.

"Kai Tuhin! Mene ne wannan a hannunka?"

Kanaklata ta riƙe ƙarfen da kyau, tana jiran zancen usur da karya masu ja.

Tuhin ya buɗe baki, ya ɗaga kai ya hango ta a sama, farin sari cikin ruwa. Ya rufe bakin. Sannan ya ɗaga jakar yadda kowa zai gani.

"Ilish ne, Yaya Bombol, ko ba ka taɓa gani ba? Na Thamma ne. 'Yar Jogen Guha ce ta Barishal. Yau girkin gidan ubanta za ta yi, ni kuma zan ci."

Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Bombol ya saki baki, fenti yana bin haɓarsa.

"Thamma! Da gaske? Duk jatan-landen da muka ci a hannunki tun muna yara?"

Ba ta san lokacin da muryar ta fito ba. Ba mai santsin ba ce, waccan ce, mai faɗi da kauri, ta mutanen kogi.

"Kun ci, 'ya'yan banza, kuma kowace loma da addu'ar a ci ku biyar a cikinta!"

Dakali ya fashe. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Wani tsoho ya ce shi dama ya daɗe yana zargi, barkononta ya cika yawa. Bombol ya dafe kai da hannu biyu ya matsa gefe, Tuhin ya wuce ta tsakiyarsu kamar mai ɗauke da kofin gasa.

A kicin ta zauna a ƙasa, ta take gindin wuƙar kifi mai tsayuwa a kan katako da ƙafa, ta yanka kifin gunduwa-gunduwa. Ciki cike da ƙwai. Ta shafe shi da gishiri da kurkum. Ta ce yau ba wani tarkace, romon mahaifiyarta za ta yi, tsararo: man mastad, habbatussauda, ɗanyen barkono a tsage, gauta. Mai ya yi hayaƙi, ƙwayoyin suka fashe, ƙamshin ya tashi ya bi matakala ya shiga ɗakunan da aka kwashe. Tuhin yana jingine a bakin ƙofa. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, abokai suna jira a tasha, shi kuwa ko motsi.

"Ba za ka makara ba?"

"Ina gadi ne. Kada ki sa min wani abu."

"Abin da zan sa maka ai hankali ne, kuma ba a sayarwa."

Romo ya fara tafasa. Tana kallon kumfa tana tashi tana mutuwa, ranta yana can wani wuri, a wata bukka mai yoyo, wata mace tana fifita wuta da murfin tukunya. Hannunta ya tafi kan kantar kicin shi kaɗai, ya buɗe wani gwangwani, ya ɗebo da yatsa uku, ya nufi tukunya.

Tuhin ya yi tsalle ya cafke wuyan hannun.

"Thamma! Sukari?"

Ta duba. Fararen ƙwayoyi ne a yatsunta. Duk Kolkata ba abin da Bangal suke yi wa Goti gori da shi kamar wannan, wai ko ruwan wanka sai sun sa masa sukari. Da mahaifiyarta ta gani, da tukunyar da mai girkin duk sun kwana a waje.

"Sukari a romon ilish!" in ji Tuhin, yana riƙe da hannun kamar ya kama ɓarawo a kasuwa. "'Yar Jogen Guha ta Barishal! Yanzun nan na tsaya a tsakiyar layi na sayar da mutuncina a kanki! In leƙa in kira Bombol ya zo ya ga 'yar ƙungiyarsa?"

"Sake ni, ja'iri. Gishiri na nufa."

"Gishiri yana hagu. Hannun nan ya san hanya, ko fitila ba ya nema. Thamma, kin fi Baba zama Goti!"

Ta dubi yatsun, ta dubi bangon kicin ɗin da hayaƙinta ya baƙanta, gidan da ta ɗauka baƙunta kawai ta yi a cikinsa. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta girgiza kafaɗunta, ta kawo ruwa a idonta, har sai da ta zauna daɓas a kan kujerar tsuguno.

"To, ɗan Goti, ka ci ni. Ɗaya da nema." Ta share ido da bayan hannu. "Buɗe bakin."

Ya buɗe. Ta zuba masa sukarin a harshe.

"Naku ne, ku riƙe kayanku. Ƙwan kifin ma naka ne duka. Wanke hannu ka zauna, kuma in na ga ka sa yatsa kana tsintar ƙaya, gobe in mayar da kai asibitin da aka haife ka in ce a duba, an yi mana musanya."